Wasa na goma: yaushe ya kamata a ɗauko matashin ɗan wasan hoki zuwa gasar NHL?

Duk shekara, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, muhawara ɗaya ce ke cika shafukan wasanni a Kanada da arewacin Amurka. Yaron nan ɗan shekara 18 ko 19 da ƙungiya ta buɗe kaka da shi, a bar shi ya buga wasa na goma, ko a mayar da shi inda ya fito? Wanda bai saba bin NHL ba, wato babbar gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara da ake kira hoki, zai yi mamakin yadda wasa ɗaya tak ke tayar da ƙura haka. Dalilin yana cikin takardun kwantiragi.

Yanzu kuma lamarin ya ƙara sarƙewa. A Nuwamban 2024 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta ɗage haramcin da ta daɗe da ɗora wa 'yan wasan gasar matasa ta Kanada. A Yulin 2025 kuma NHL da ƙungiyar 'yan wasanta suka amince da sabuwar yarjejeniyar aiki wadda za ta fara daga kakar 2026-27. Sauye-sauyen biyu sun taɓa hanyar da yaro ke bi kafin ya kai babbar gasa, har magoya baya da iyaye da dama suka kasa gane inda aka kwana.

Matakalar da yaro ke hawa

NHL tana da ƙungiyoyi 32. Duk shekara, a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, suna zaɓen matasa 'yan shekara 18 zuwa sama a zagaye bakwai, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su suka fi samun damar zaɓa da wuri. Zaɓen yana ba ƙungiya haƙƙin mallakar ɗan wasan ne kawai. Inda zai buga wasa wata magana ce daban.

Ƙasa da NHL akwai gasar AHL, ita ma mai ƙungiyoyi 32, kowace tana haɗe da uwa a babbar gasa. Gasar ƙwararru ce, ta manyan maza masu karɓar albashi, amma an gina ta ne don renon matasa: dokarta ta ce cikin 'yan wasa 18 da ƙungiya za ta fito da su, ban da masu tsaron raga, aƙalla 12 su kasance waɗanda ba su wuce wasa 260 a matakin ƙwararru ba. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'yan wasan NHL sun ratsa ta cikinta. Ƙasa da ita akwai ECHL.

A gefe guda akwai makarantun matasa uku. Ta farko ita ce CHL, uwar gasannin matasa uku na Kanada, wato OHL da WHL da QMJHL, inda yara 'yan shekara 16 zuwa 20 ke wasa. Ta biyu jami'o'in Amurka. Ta uku gasannin Turai, musamman na Suwidin da Finlan da Rasha, inda yaro ɗan 17 kan yi gogayya da magidanta.

A nan ne ƙullin yake. Bisa yarjejeniyar da ke tsakanin NHL da CHL har zuwa kakar 2025-26, yaron da aka zaɓo daga gasar matasan Kanada ba ya zuwa AHL sai ya cika 20 kafin ƙarshen shekarar, ko ya kammala kaka huɗu a gasar matasa. Ko dai ya zauna a NHL, ko ya koma cikin yara. Takwaransa da aka zaɓo daga Turai kuwa ana iya tura shi AHL yana ɗan 18. Yara biyu sa'o'in juna, baiwarsu ɗaya, amma ɗaya yana da matakin tsakiya, ɗayan ba shi da shi.

Lambobin da manajoji ke lissafi da su

Lamba ta farko ita ce 10. Kwantiragin farko na ɗan wasa mai shekara 18 zuwa 21 na shekara uku ne, kuma an ƙayyade albashinsa. Ga waɗanda aka zaɓa zuwa 2025 bai kai dala miliyan 1 a shekara ba, ban da alawus na bajinta. Idan ɗan 18 ko 19 ya buga wasa tara ko ƙasa da haka a NHL, shekarar ba ta shiga lissafi, sai a ɗage kwantiragin gaba. Da zarar ya taka ƙanƙara a wasa na goma, shekara ɗaya cikin ukun ta tafi.

Me ya sa wannan ke damun ƙungiya? Domin NHL ta kafa iyaka ga jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya: dala miliyan 88 a 2024-25, miliyan 95.5 a 2025-26, kuma an sanar da miliyan 104 don 2026-27. A irin wannan tsari, gwanin da ke karɓar ƙasa da miliyan 1 dukiya ce babba, don shi ke ba ƙungiya sararin biyan sauran taurarinta. Manaja yana so shekarun nan uku masu araha su faɗo lokacin da yaron ya fara amfani sosai, kada su ƙare yana kan koyo.

Lamba ta biyu ita ce 40, kuma manajoji da yawa sun fi jin tsoronta. Ɗan wasa yana samun 'yancin tafiya duk ƙungiyar da ya ga dama idan ya kai shekara 27, ko ya tara kaka bakwai a NHL. Kaka tana shiga lissafi idan sunansa ya kasance cikin tawaga a wasa 40, ko ya buga ko bai buga ba. Ke nan yaron da aka riƙe tun yana 18 zai iya tattara kayansa yana 25, a daidai ganiyarsa.

Ta uku ita ce dokar tallata ɗan wasa. Gogaggen ɗan wasa ba a mayar da shi AHL kai tsaye. Sai an miƙa sunansa ga sauran ƙungiyoyi 31 na tsawon awa 24, duk mai so ya ɗauka ba tare da ya bayar da wani ɗan wasa a madadi ba. Matasa suna da kariya daga wannan na ɗan lokaci: wanda ya sa hannu yana 20, misali, yana da shekara uku ko wasa 160, duk wanda ya riga cika. Wannan doka tana cizo ta fuska biyu. Tana sa a tura yaron da ya cancanta ƙasa don kawai shi ne za a iya turawa ba tare da asara ba. Tana kuma sa a riƙe wanda kariyarsa ta ƙare a benci, don gudun kada wani ya ɗauke. A Disamban 2022 Nashville ta tallata Eeli Tolvanen, wanda ta zaɓa a zagayen farko a 2017. Seattle ta ɗauke shi, ya ci ƙwallo 16 a wasa 48 kafin kakar ta ƙare.

Me ake nufi da cewa yaro ya isa?

Mai kallo yakan duba maki. A hoki, ƙwallon da ka ci maki ɗaya ce, wadda ka taimaka aka ci ma maki ɗaya ce, kuma yaron da ya tara maki 100 a gasar matasa sai a ɗauka magana ta ƙare. Masu horarwa ba nan suke fara dubawa ba.

Ɗan wasa yakan shiga fili na kusan daƙiƙa 45 ne ya fito, wani ya canje shi. A ɗauki mai tsaron baya da abokan hamayya suka jefa faifan roba, wato ƙwallon hoki, zuwa kusurwar bayan ragarsa. Dole ya juya baya ya bi faifan, alhali ƙato mai nauyin kilo 95 yana tafe a guje zai haɗa shi da katanga. Kafin ya isa wurin, ya kamata ya waiga sau ɗaya ko biyu, ya san inda abokinsa yake, ya yanke shawarar inda zai tura faifan. A gasar matasa yana da lokacin da zai tsaya ya yi tunani. A NHL babu wannan lokacin. In ya yi jinkiri kaɗan, ko dai a ƙwace a ci ƙungiyarsa, ko a kwantar da shi. Abin da koci ke nema shi ne yaron da zai yi wannan daidai sau ashirin a dare ɗaya, ya kuma maimaita bayan kwana biyu a wani gari, har wasa 82, wanda zai koma 84 daga 2026-27.

Ga ɗan Turai akwai ƙarin aiki. Filin NHL faɗinsa ƙafa 85 ne, yayin da filayen Turai da yawa ke kai kusan ƙafa 100. Fili ya matse, karo ya yawaita, dabarun da ya taso da su sai an sake musu fasali. Ga kuma harshe, da zaman kaɗaici a ƙasar da bai sani ba.

Sai dai tambayar ko ya isa rabin magana ce. Ɗaya rabin, wanda sau da yawa shi ke yanke hukunci, shi ne ko akwai gurbin da ya dace da shi. Wasa minti 60 ne. 'Yan gaba an kasa su layi huɗu: na farko kan samu kusan minti 20, na huɗu ba ya wuce minti 10 sosai, kuma aikinsa tsare gida ne da gajiyar da abokan hamayya. Yaron da aka zaɓa saboda iya cin ƙwallo, in aka ajiye shi a layi na huɗu, zai koyi gudun kuskure ne kawai, alhali a AHL da zai buga minti 20, a ba shi faifai a lokutan da wasa ya yi zafi, ya yi kuskure a gyara masa ba tare da an zaunar da shi ba.

Hujjar masu haƙuri

Detroit Red Wings a zamanin manaja Ken Holland ita ce aka fi bayar da misali da ita. Ra'ayinsu shi ne gara yaro ya nuna har ya wuce misali a ƙaramar gasa da a tsinko shi ɗanye. Tomas Tatar ya yi kaka huɗu a Grand Rapids, reshen Detroit a AHL, ya ci kofin gasar a 2013, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasannin kofin. Gustav Nyquist ya fara kakar 2013-14 a Grand Rapids duk da kowa ya san ya fi ƙarfin wurin. Da aka kira shi a Nuwamba, yana ɗan 24, ya ci ƙwallo 28 a wasa 57.

Tampa Bay ta bi irin wannan hanya ta wata fuska. Reshenta na lokacin, Norfolk Admirals, ya yi nasara a wasa 28 a jere, ya ɗauki kofin AHL a 2012 ƙarƙashin koci Jon Cooper. Daga baya Cooper ya hau babbar ƙungiya tare da yaransa, irin su Tyler Johnson, wanda ko zaɓensa ba a yi ba, da Ondrej Palat na zagaye na bakwai, da Alex Killorn. Da su aka ci kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 2020 da 2021. Sun iso NHL sun riga sun san juna, sun san tsarin kocinsu, sun kuma ɗanɗani wasannin neman kofi.

Misalin da ya fi fito da amfanin dokar wasa tara shi ne na Mikko Rantanen, ɗan Finlan. Colorado ta zaɓe shi na 10 a 2015. Ya buga wasa tara cif a NHL a kakar farko ba tare da maki ko ɗaya ba, sauran lokacin ya yi shi a San Antonio ta AHL, inda ya tara maki 60 a wasa 52. Ƙungiya ta ga abin da take son gani, kwantiragi bai motsa ba, yaron kuma ya dawo ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan gaban gasar.

Masu wannan ra'ayi sukan nuna Jesse Puljujärvi a matsayin gargaɗi. Edmonton ta zaɓe shi na 4 a 2016, ta sa shi NHL nan take. Ya ci ƙwallo ɗaya a wasa 28, aka tura shi Bakersfield, aka yi ta kai shi da komo da shi, ga ciwon ƙugu da ya kai shi ga tiyata, har ya koma Finlan a 2019 kafin ya sake dawowa. A wurinsu, sauri ne ya haifi nawa.

Akwai abin da ya kamata a lura da shi game da Detroit. Ƙungiyar ta shiga wasannin neman kofi kaka 25 a jere, daga 1991 zuwa 2016. Tawagarta cike take da taurari, babu gurbin da yaro zai shiga ko da an so. Haƙurinta rabi tsari ne, rabi wadata. Haka kuma Nyquist bai fara waccan kakar a ƙasa don yana buƙatar ƙarin darasi ba, sai don shi ne za a iya turawa ba tare da tallatawa ba.

Hujjar masu cewa a ɗauko shi da wuri

Akwai waɗanda babu gardama a kansu. Sidney Crosby ya tara maki 102 yana ɗan 18 a 2005-06. Auston Matthews ya ci ƙwallo huɗu a wasansa na farko a 2016. Connor Bedard ya samu maki 61 a wasa 68 a 2023-24 duk da karyewar muƙamuƙi da ya yi a tsakiyar kaka. Irin waɗannan ba su da yawa, kuma ba a kafa doka da su.

Gardamar tana kan na ƙasa da su kaɗan. Montreal ta zaɓi Juraj Slafkovský na ɗaya a 2022. Da yake daga gasar Finlan ya zo, tana da damar tura shi AHL, amma ta riƙe shi. Kakar farko ta yi masa nauyi: ƙwallo 4, maki 10 a wasa 39, sannan rauni ya kawo ƙarshenta a Janairu. Suka ta yi yawa. Ƙungiyar ta dage cewa abin da yake buƙatar koya, wato amfani da girman jikinsa a saurin NHL, a NHL kaɗai ake koyonsa, ƙarƙashin koci Martin St. Louis. A kaka ta biyu aka ɗaga shi layin farko, ya gama da ƙwallo 20 da maki 50, kuma a Yulin 2024 ya sa hannu a kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 60.8. Abin da ya bambanta shi da wasu shi ne Montreal tana sake gini ne a lokacin, ba ta cikin matsin cin kofi, don haka ta iya jure kurakuransa ta ci gaba da ba shi mintoci.

Leon Draisaitl, Bajamushen Edmonton, ya nuna cewa ƙona shekarar farko ba kullum asara ba ce. An zaɓe shi na 3 a 2014, ya buga wasa 37 da ƙwallo 2 kacal, aka mayar da shi gasar matasa a Janairun 2015 kafin ya cika wasa 40. Shekara ɗaya ta kwantiraginsa ta tafi. Amma hakan ya sa lokacin sabunta kwantiragi ya zo da wuri, a 2017, kafin ya kai ƙololuwa, aka daidaita a kan dala miliyan 68 na shekara takwas. Kaka biyu bayan haka ya ci ƙwallo 50, a 2020 kuma ya zama gwarzon ɗan wasan gasar, farashin ya koma tamkar kyauta.

Jinkiri ma yana da nasa farashin. Nashville ta zaɓi mai tsaron raga Yaroslav Askarov na 11 a 2020, ya yi kaka biyu masu kyau a AHL. Da ƙungiyar ta ba golanta na ɗaya, Juuse Saros, sabon kwantiragin shekara takwas a 2024, Askarov ya ga hanya ta toshe, ya nemi a sauya masa ƙungiya, aka tura shi San Jose a watan Agusta.

Duk wanda zai auna ɓangarorin nan biyu da adalci sai ya tuna abu ɗaya: ƙungiyoyin da ke gaggawar ɗauko yara yawanci raunana ne, shi ya sa ma suka samu zaɓen farko. In yaron ya gaza, da wuya a tantance ko saurin ɗauko shi ne sila, ko rashin abokan wasa nagari, ko yawan canjin koci, ko kuwa tun asali an yi kuskure wajen zaɓensa. Babu wanda ya taɓa gwada hanya biyu a kan yaro ɗaya. Manomin albasa ya san in ya cire iri da wuri ya dasa, rana za ta ƙone shi, in kuma ya bar shi ya daɗe a fangali ɗaya, cunkoso zai hana shi yin kai. Amma shi ma ya san ranar dashe ba ta wadatarwa in ƙasar da za a kai irin ba a gyara ta ba.

Shane Wright da ramin da ke tsakiya

Labarin da ya fi tona asirin tsohuwar dokar shi ne na Shane Wright. Tun yana ɗan 15 aka ba shi izini na musamman ya shiga OHL. Seattle ta zaɓe shi na 4 a 2022. Ya fi ƙarfin gasar matasa, bai kai na NHL ba, doka kuma ta hana shi AHL. Ƙungiyar ta riƙe shi, amma a yawancin wasanni yana zaune a wurin kallo cikin kwat, ranar da aka sa shi kuma mintocinsa ba su cika kai goma ba. Aka yi amfani da damar aron mako biyu da doka ta tanada aka tura shi Coachella Valley ta AHL, ya ci ƙwallo 4 a wasa 5. Ya dawo ya ci Montreal ƙwallonsa ta farko a NHL a Disamba, aka sake shi ya jagoranci Kanada ta ci gasar matasa ta duniya, daga nan aka mayar da shi OHL, inda aka sauya masa ƙungiya zuwa Windsor. A kaka ɗaya ya sa riguna huɗu kafin bazara, a NHL kuwa wasa takwas kawai ya buga.

A 2023-24 aka yi masa sassauci na musamman ya buga a AHL, la'akari da cewa annobar korona ta cinye kakar OHL ta 2020-21 gaba ɗaya. Ya zauna wuri ɗaya a AHL, ya ci ƙwallo 22 ya tara maki 47 a wasa 59. Kakar da ta biyo baya ya buga wasa 79 a Seattle, ya ci ƙwallo 19. Masu haƙuri da masu sauri sun sha bamban a abubuwa da yawa, amma kusan dukansu sun yarda cewa kakar farko ta Wright ita ce mafi munin zaɓi: yaro yana NHL da suna kawai, ba ya wasa, watannin da ya fi buƙata suna wucewa.

Matsayi ma yana da tasiri. 'Yan gaba sun fi saurin nuna. Masu tsaron baya kan ɗauki lokaci: Moritz Seider ya yi kaka ɗaya a AHL da ɗaya a Suwidin kafin ya zama gwarzon sabon ɗan wasa a 2022, Cale Makar kuma ya yi shekara biyu a jami'ar Massachusetts. Masu tsaron raga su suka fi kowa jinkiri, domin gurbi biyu ne kawai a ƙungiya kuma na biyun zaman benci ya fi yi. Jordan Binnington, wanda aka zaɓa a 2011, sai a Janairun 2019 aka fara buɗe wasan NHL da shi a raga, yana ɗan 25, ya kuma kai St. Louis ga kofin Stanley a watan Yunin shekarar.

Ƙaramar gasa ba kullum makaranta ba ce

Duk hujjar haƙuri ta ginu ne a kan zaton cewa ana koyar da yaron a can ƙasa, ana kuma yi masa adalci. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ta jihar Kogi ya kuma girma a Yukiren da Kanada, Chicago ta zaɓe shi a zagaye na biyu a 2007. A Nuwamban 2019 ya bayyana cewa kocinsa a Rockford ta AHL, Bill Peters, ya jefe shi da kalaman wariyar launin fata shekara goma da suka wuce, kuma bayan ya nuna ɓacin ransa aka tura shi ECHL. Peters, wanda a lokacin yake horar da Calgary, ya amsa cewa ya yi amfani da kalamai marasa daɗi, ya ajiye aiki cikin 'yan kwanaki. Aliu wasa bakwai ya buga a NHL duk rayuwarsa. Rahoton da kocin ƙaramar gasa ke aikawa sama yana da nauyi ƙwarai a kan makomar yaro, kuma shi yaron ba ya ganin abin da aka rubuta.

Ga kuma batun aljihu. Kwantiragin farko farashi biyu gare shi: albashin NHL in kana sama, albashin AHL in kana ƙasa, wanda bai kai dala 100,000 a shekara ba. Ana lissafin kuɗin ne kwana-kwana. Mako biyu a sama na iya kusan kai albashin wata huɗu ko biyar a ƙasa. A sama jirgin haya ne da manyan otal, a ƙasa kuwa sau da yawa doguwar tafiya ce a bas bayan an tashi wasa da dare. Mafi yawan waɗanda ake zaɓa ba sa zama taurari, kuma ga irinsu kowace rana a NHL tana da muhimmanci ga abin da za su fita da shi daga sana'ar.

Abin da sababbin dokoki za su canza

Daga 1 ga Agustan 2025 ɗan wasan CHL yana iya komawa jami'ar Amurka, muddin bai sa hannu a kwantiragin ƙwararru ba. Tasirin bai ɓata lokaci ba. Gavin McKenna, tauraron Medicine Hat, ya koma jami'ar Penn State a 2025. A jami'a wasanni sun fi ƙaranci, lokacin atisaye da gina jiki ya fi yawa, abokan karawa kuma sukan kai shekara 23 ko 24. Wannan shi ne matakin tsakiyar da yaran Kanada suka rasa a da. Yana kuma ƙara wa ɗan wasa ƙarfin ciniki, domin yanzu yana da inda zai je in bai gamsu da tsarin da ƙungiya ta yi masa ba. An ga irin haka tun kafin sauyin, lokacin da Cutter Gauthier ya ƙi sa wa Philadelphia hannu har ta yi musayarsa da Anaheim a Janairun 2024.

Sabuwar yarjejeniyar NHL kuma ta buɗe ƙofar tura ɗan shekara 19 daga CHL zuwa AHL daga kakar 2026-27, kuma adadin da aka fara ambata shi ne ɗan wasa ɗaya ga kowace ƙungiya. Ƙofar ba ta buɗe da wuri ga Tij Iginla ba, ɗan tsohon ɗan wasan NHL Jarome Iginla, kuma jikan wani ɗan Najeriya: Utah ta zaɓe shi na 6 a 2024, kuma a 2025-26, yana ɗan 19, zaɓinta biyu ne kawai, NHL ko Kelowna ta gasar matasa.

Waɗanda za su fi jin sauyin a jikinsu su ne ƙananan garuruwan Kanada irin su Swift Current da Prince Albert da Owen Sound. Tsohuwar dokar don kare su aka yi ta. Ƙungiyar gari tana ɗaukar yaro yana 16, wani gida a garin ya karɓe shi ya ciyar da shi kamar ɗansa, a jure shekarun koyonsa, da fatan in ya kai 19 zai cika filin wasa da 'yan kallo ya kuma ja ƙungiyar zuwa kofi. In jami'a ta ɗauke shi yana 18, ko AHL ta ɗauke shi yana 19, kuɗin tikitin da ƙungiyar ke rayuwa da shi zai ragu, 'yan kallo kuma za su biya kuɗi su ga gasar da shekarun 'yan wasanta suka yi ƙasa.

A AHL, kowane ɗan 19 da ya shigo gurbin wani ya ɗauka, galibi ɗan 24 ko 25 da ke fafutukar riƙe sana'arsa, wanda zai gangara ECHL ko ya nemi aiki a Turai. Iyaye kuma nauyin shawara ya ƙaru a kansu. A da yaro yana yanke hukunci sau ɗaya yana 16, gasar matasa ko jami'a. Yanzu zai sake zama da iyayensa da wakilinsa yana 18, ya auna sa hannu a kwantiragin NHL da ke rufe masa ƙofar jami'a har abada, da jinkirta kuɗin don ya samu shekara ɗaya ko biyu a aji da filin jami'a. Ƙungiyar da ta zaɓe shi za ta iya ba da shawara, amma sa hannun nasa ne.